Layi na Bakwai

Fom biyu ne a kan tabarma,
na danne su da kofin shayi.
Sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
Rumasa'u ta yi barci da fensir a hannu,
ba ta ƙarasa lissafin rabawa ba.

Na farko mai sheƙi ne, na makarantar kuɗi a Rayfield.
An ɗauko hoton yara suna dariya a kan ciyawa,
ciyawar da ake ba ruwa
ranar da famfon unguwarmu ke tari.
Kuɗin zango ɗaya:
albashina na wata huɗu, in an biya,
da kwandon tumatir ashirin na Sabi'u a Farin Gada,
in ba su ruɓe ba.
Ban da mota. Ban da rigar sanyi mai tambari.
Ban da wani wai shi kuɗin ci gaba,
ban dai san ci gaban wa ba.

Na biyu takarda ce tsurarta, da hatimin hukuma:
jarrabawar shiga kwalejin tarayya.
Kujera ɗari da hamsin, in ji maigadi,
masu nema kuwa har bayan katanga.
Bara ɗan Maman Nanret ya ci maki har ya yi rara,
allo ya fito babu sunansa.
Aka ce ta nemo wanda ya san wani.
Ta sayar da akuya biyu, ta nemo,
ashe wanin ma wani yake nema.

Duk ba wannan ya hana ni barci ba.
Layi na bakwai ne:
Sana'ar uwa.

Shekara goma sha tara ina shaƙar alli
a firamaren gwamnati ta Gangare.
Yara tamanin da uku a ajina,
benci goma sha ɗaya,
sauran a kan buhu, sauran a bakin taga.
In ruwan Agusta ya sauko
mukan matsa kusurwar da kwano bai yage ba,
mu ci gaba da biyu sau tara.
A nan na koya wa likitoci biyu baƙi,
ɗaya har yau yana gaishe ni da sallah.

Ranar da muka je ganawa a Rayfield
wata mai ƙamshin turare ta duba takarda, ta dube ni.
"Malama ce? A wace makaranta?"
Na faɗa.
Ta yi murmushin da ake yi wa mai tuwo
da aka kama tana sayen na maƙwabciya.

Sabi'u ya ce, "Ki bar wa Allah, ki sa hannu,
rijiya ba ta hana ɗanta shan randa."
Na ce rijiyar fa ta mutane ce.
Ran taron iyaye ni ke tsayawa gaba
ina cewa ku bar mana su, za mu riƙe amana.
Da wane baki zan sake faɗa?

Amma Rumasa'u tana tambayar abin da ba ni da shi.
Shekaranjiya ta ce me ya sa duwatsun Shere
ba sa faɗowa daga kan juna.
Na ce sai gobe.
Yara tamanin da biyu ne ke jiran nasu goben.

Da safe ina kiran suna,
Kaltume 'yar mai wanki, abokiyar zamanta a benci,
ta ɗaga hannu:
"Malama, wai gaskiya ne Rumasa'u za ta tashi?
In ta tafi, wa zai riƙa ara min littafi?"

Na ce ta zauna.
Na juya ga allo na daɗe ina gogewa,
alhali babu rubutu a kai.

Fom biyun suna cikin rajista, tsakanin Ka da Ra.
Ranar Juma'a ake rufe karɓa.
Yau Laraba,
biro na cikin jaka, ban cire masa hula ba.